Jurji Zaidan: Ɗan Jarida da Hikayoyin Soyayya na Tarihi

Tsakanin shekarar 1891 da 1914 Jurji Zaidan ya rubuta hikayoyi fiye da ashirin da harshen Larabci, kusan kowace shekara guda, kuma in ban da ɗaya, dukansu a kan tarihi aka gina su. Ƙirar yawancinsu ɗaya ce: saurayi da budurwa suna son juna, wani azzalumi ya shiga tsakani, yaƙi ko juyin sarauta ya raba su, su yi ta yawo ƙasa ƙasa har Allah ya sada su a babin ƙarshe. Cikin wannan yawo ne a ke ratsawa da mai karatu ta fadar halifofi da sansanin mayaƙa. Zaidan da kansa ya bayyana cewa a wurinsa tarihi ne ke riƙe da linzamin labari, soyayya kuwa ya sa ta ne don ta ja mai karatu ya kai ƙarshen littafi, kuma da wannan ya ke bambanta kansa da marubutan Turai irin su Walter Scott da Alexandre Dumas. Wannan da'awa ita ce ta kamata a auna, domin duk malamin da ya taɓa tunanin koya wa ɗalibai tarihi ta hanyar labari, a kan irinta ya ke dogara.

An haifi Zaidan a Bairut cikin watan Disamba na 1861. Iyayensa Kirista ne na ɗariƙar Otodoks, talakawa, ubansa yana da ɗan gidan sayar da abinci, bai kuwa iya karatu ba. Yaron ya yi shekaru yana taimakon uban a wurin sana'a, yana neman ilmi a gefe, har a 1881 ya sami shiga sashen likita na kwalejin da 'yan mishan na Amurka suka kafa a Bairut. Bai daɗe ba. A 1882 wani malamin kwalejin, Edwin Lewis, ya ambaci Darwin da yabo cikin wani jawabi, aka tilasta masa barin aiki, ɗalibai suka yi bore, Zaidan yana cikinsu. A 1883 ya tafi Alƙahira da niyyar ƙarasa karatun likita, amma aikin jarida ya tare shi a hanya: ya shiga jaridar Al-Zaman. A 1884 ya bi rundunar Ingilishi ta Janar Wolseley zuwa Sudan a matsayin tafinta, watau rundunar da aka aika ta ceci Gordon, ta kuwa isa bayan Hartum ta riga ta faɗa hannun Mahadi cikin Janairu 1885. Da ya komo ya koyi Ibrananci da Suryananci, ya fitar da littafi a kan asalin kalmomin Larabci a 1886, ya yi aiki da mujallar Al-Muƙtaɗaf ta Ya'aƙub Sarruf da Faris Nimr. Hikayarsa ta fari, Al-Mamluk al-Sharid, ta fito a 1891, a 1892 kuma ya kafa mujallarsa ta kansa, Al-Hilal, wadda ya riƙe har ya mutu.

Ke nan mutumin ya yi kusan shekara takwas yana shiga yana fita cikin aikin jarida kafin ya taɓa hikaya, da ya taɓa ta kuma bai ajiye jaridar ba. Ba shi ne ya fara wannan hanya ba, gama Salim al-Bustani ya riga shi da labarin Zanubiya a mujallar Al-Jinan tun 1871. Amma Zaidan ne ya mai da ita sana'a mai tsari, ya bi tarihin Musulunci daki daki, tun daga cin Sham da Masar, ya ratsa ta zamanin Umayyawa da Abbasiyawa da Andalus da Faɗimiyawa, har ya zo juyin mulkin Turkiyya na 1908. Mafi yawan hikayoyin nan da masu karatun Al-Hilal aka rubuta su, kashi kashi su ke isa hannunsu kafin a haɗa su littafi.

Alamun jarida a bayyane su ke cikin ƙirar littattafan. Babi gajere ne, shafi biyu ko uku, kowanne da kansa kamar kan labari, kuma ya kan tsaya daidai inda hankalin mai karatu ya tashi: an ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, ko an miƙo wasiƙa ba a buɗe ba. Babin farko kuwa galibi ba labari a cikinsa sam, sai bayanin gari da tarihinsa da wanda ke mulkinsa a shekara kaza, kamar yadda edita ya kan share fage kafin ya kawo rahoto. Sa'an nan ga hashiya a gindin shafi, inda ya ke nuna cewa wannan siffar fada ko wancan irin tufafi daga Ibn al-Athir ya ɗauko, ko Mas'udi, ko Maƙrizi. Mai hikaya bai saba yin haka ba. Ɗabi'a ce ta wanda ya saba a tambaye shi, wa ya gaya maka?

Babbar ribar da ya ci daga jarida ita ce harshe. A zamaninsa wanda ya ke so a kira shi marubuci da Larabci sai ya yi zube mai ƙafiya irin na maƙamat, ya tono kalmomin da sai an buɗe ƙamus. Muwailihi, wanda suka yi zamani ɗaya a Alƙahira, da wannan salo ya buɗe babobin Hadith Isa ibn Hisham. Zaidan ya yar da ƙafiya, ya ɗauki jimla madaidaiciya wadda ɗan makarantar firamare da akawu da matar aure za su bi ba tare da malami ba, amma bai sauka zuwa Larabcin kasuwa ba, gama yana cikin masu ƙin a yi rubutu da karin harshen Masar. Wannan tsaka-tsaki shi ya sa aka karanta shi daga Maroko har Iraƙi, aka kuma juya shi zuwa Farisanci da Turkanci da Urdu. Hasarar da ke ciki ita ce dukan mutanensa murya ɗaya gare su. Limamin kirista a Ɗulaiɗila, da kuyanga a Bagadaza, da baƙauyen Masar, duk da bakin editan Al-Hilal su ke magana. In aka rufe sunan mai magana, da wuya a gane ko wane ne. Masoyan nasa ma haka: kuka, suma, ramewa, rantsuwa, fuska ta yi ja, fuska ta yi fari, daga littafi zuwa littafi ba canji, har mai karatu ya kan manta ko wace budurwa ce a ke tsare da ita a wannan karon.

Wannan rauni sananne ne, an kuwa daɗe ana faɗarsa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne aikin da masoyan su ke yi. A hikayoyin da Zaidan ya ƙago saurayi da budurwa daga kansa, aikinsu na wakilin jarida ne. Ana bukatar ido a cikin fada, sai a sa budurwa ta zama fursuna a can. Ana bukatar ido a fagen fama, sai saurayi ya shiga soja. Asir al-Mutamahdi, wadda ta fito a farkon shekarun 1890, ita ce misali mafi kyau. Shafiƙ da Fadwa ba su cikin kowane littafin tarihi. Rabuwarsu ce ta ba marubuci dalilin nuna tawayen Urabi na 1882 a Masar, da halakar rundunar Hicks a Kurdufan a 1883, da zaman mutanen Mahadi daga ciki, tun da ya ke Shafiƙ a hannunsu ya faɗa. A nan soyayya ba ta taɓa tarihi ba, ta dai kai mai karatu wurin da abin ya faru ta tsai da shi ya gani. Ƙasar kuma Zaidan ya taka ta da ƙafarsa, ba a littafi ya tsince ta ba.

Duk da haka hukuncin marubucin yana nan tun a bangon littafin. Bai ce Mahadi ba, ya ce Mutamahdi, kalmar da ke nufin mai da'awar Mahadanci, kamar yadda mutanabbi ke nufin mai da'awar annabci. Tafintan rundunar Wolseley ne ke magana. Mai karatu na ƙasar Hausa yana da dalilin lura da wannan, domin kiran Muhammadu Ahmad ya iso yamma, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya amsa shi ya tara jama'a a Balda cikin ƙasar Adamawa. Abin da littafin ya ɗauka ruɗu ne tun daga sunansa, a nan ya raba kan malamai da gidajen sarauta.

Matsala ta ainihi tana farawa ne sa'ad da masoyan suka zama mutanen tarihi da kansu. A Fath al-Andalus, ta 1903, budurwar ita ce Florinda 'yar Yulyan mai mulkin Sabta, wadda Sarki Ludriƙ ya ƙyalla ido a kanta alhali tana da wanda ta ke so, Alfonso ɗan sarkin da aka kawar. Tsofaffin marubuta sun kawo ƙissar cewa fushin Yulyan a kan abin da aka yi wa 'yarsa shi ya sa ya taimaki Ɗariƙ ibn Ziyad ya ƙetare a 711. Zaidan bai tsaya nan ba, ya nuna ɓarakar da ke cikin mulkin Gotawa, da zaluncin da a ke yi wa bayi da Yahudawa, da rikicin gadon sarauta. Amma a tambayi wanda ya gama littafin bayan wata shida, me ya kawo cin Andalus? Florinda zai tuna. Bayanin haraji da dokokin majami'a sun zo cikin babi mai sanyi wanda a ke tsallakewa, sha'awar sarki kuwa ta zo da dare da kururuwa da gudu ta taga.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Al-Abbasa Ukht al-Rashid, ta 1906. Abin da tarihi ya tabbatar kaɗan ne, kuma mai nauyi: a shekarar 187 ta Hijira, watau 803, Haruna Rashid ya sa aka kashe wazirinsa kuma amininsa Ja'afar al-Barmaki, ya ɗaure ubansa Yahaya da ɗan'uwansa Fadlu, ya ƙwace dukiyar gidan da ya riƙe masa mulki shekara goma sha bakwai. Dalilin wannan ya dami marubuta tun da can. Ɗabari ya kawo ruwayoyi dabam dabam, cikinsu har da cewa halifa ba ya iya zaman hira sai da Ja'afar da 'yar'uwarsa Abbasa, sai ya ɗaura musu aure na suna kawai don zaman ya halatta, da sharaɗin kada su kaɗaita. Su kuwa suka karya sharaɗin, aka haihu, asiri ya tonu. Ibn Haldun ya ɗauko wannan ƙissa a farkon Muƙaddima musamman don ya yi misali da irin labaran da masu tarihi ke haɗiyewa ba tauna. Hujjarsa ta fari, cewa mace mai irin nasabar Abbasa ba za ta yi haka ba, ba ta da ƙarfi sosai, gama nasaba ba ta hana zuciya. Amma hujjarsa ta biyu ita ce tarihi: Barmakawa sun kame mulki da baitulmali, sun cika ofisoshi da 'ya'yansu da barorinsu, mawaƙa sun koma ƙofarsu, har halifa ya nemi kuɗi kaɗan ya rasa, ga kuma sakin da Ja'afar ya yi wa Yahaya ibn Abdullahi, Ba'alawin da aka ba shi tsaro.

Zaidan ya san wannan duka. A shekarun nan ne ya ke fitar da Tarikh al-Tamaddun al-Islami, juzu'i biyar, wanda Margoliouth na Oxford ya juya na huɗunsa zuwa Turanci a 1907, kuma babu mai rubuta irin wannan littafi bai karanta Ibn Haldun ba. Cikin hikayar ma ya kawo gabar Larabawa da Farisawa, da ƙoƙarin Zubaida na ganin ɗanta Amin ya gaji sarauta, da ƙullin Fadlu ibn Rabi'i. Amma kan littafin sunan Abbasa ne, da asirin 'ya'yanta aka buɗe shi, sa'ad da mawaƙi Abul Atahiya ya tsinkayi abin da bai kamata ya gani ba, da takobin Masrur kuma aka rufe shi. Siyasa ta zama itacen da aka tara, aure shi ne wutar. Ruwayar da babban mai tarihi ya ƙi, ita ɗan jarida ya ɗauka ya yi ginshiƙi da ita, don ita ce labari.

Abin da ya sa hukunci ya yi wuya shi ne, ta fuskar adabi wannan na cikin mafi kyawun abin da ya rubuta. Ba sa'ar banza da ke sada masoya, ba zoben da a ke ganewa a babin ƙarshe. Haruna mutum ne mai son amininsa da 'yar'uwarsa, mai kishin girman gidansa fiye da su duka, Abbasa kuma ta tsaya gabansa ta yi masa gardama a kan abin da ya halatta wa kansa ya hana ta. A nan kaɗai kusan a ke jin murya biyu. Watau inda Zaidan ya fi zama mai hikaya, a nan ya fi nisa da alkawarin da ya yi na cewa tarihi ne zai yi mulki.

Hashiya kuwa, wadda ta zama kamar shaidar gaskiyarsa, a irin wannan wuri ita ce ke ƙara rikitarwa. Siffar gadar Bagadaza tana da madogara a gindin shafi, tufafin halifa suna da madogara, abincin da aka ci yana da madogara. Zancen da Abbasa ta yi da Ja'afar a ɗaki ba shi da ita, ba kuwa zai samu ba, amma yana zaune tsakanin abubuwan da aka tabbatar, sai ya ari amincinsu. Ɗalibi ba ya bin shafi yana rarrabe jimla mai lamba da marar lamba. Mai hashiya shi ne ya ce a gaskata shi.

Wannan ne tushen ƙarar da malaman Musulmi suka yi da shi, ko da ya ke an gauraya ta da wasu abubuwa. A Azra'u Ƙuraish, ta 1899, ya sa wata budurwa ƙagaggiya, Asma'u, a tsakiyar fitinar kisan Halifa Usmanu da yaƙin Raƙumi, Muhammadu ɗan Abubakar yana sonta, Marwan ibn al-Hakam yana bin ta. Ga mai karatu Musulmi waɗannan mutane ba kayan hikaya ba ne, kuma sa kishin mace cikin dalilan abin da ya raba al'umma ba ƙaramin abu ba ne. Shibli Nu'umani na Hindu ya rubuta suka mai zafi a kan littafin Tamaddun, yana tuhumarsa da ƙasƙantar da Larabawa da Umayyawa, Rashid Rida kuma ya buga ta a Al-Manar a 1912. Kafin wannan, a 1910, sabuwar Jami'ar Masar ta gayyace shi ya koyar da tarihin Musulunci, ya shirya darussa, sa'an nan aka janye gayyatar don an ga bai dace Kirista ya riƙe wannan kujera ba. Janyewar ta yi masa ciwo ƙwarai. Amma a raba abu biyu: hana shi kujera sabo da addininsa hukunci ne a kan mutum, ba a kan aiki ba, kuma ba ya cikin abin da nazari zai goyi baya, tambayar ko ya halatta a ƙaga wa mutanen tarihi dalilan zuciya, sa'an nan a jera musu madogara, tana nan ko da marubucin limami ne. Adalci kuma ya sa a faɗa cewa wani lokaci tsofaffin littattafan ne suka ba shi macen: a hikayar 17 Ramadan, Ƙaɗami wadda ta sa kashe Sayyidina Ali cikin sadakinta ga Ibn Muljam tana cikin ruwayoyin da, ba shi ya ƙago ta ba.

Ya mutu a Alƙahira cikin Yuli 1914, shekarar da hikayarsa ta ƙarshe, Shajarat al-Durr, ta fito, ya kuma kammala juzu'i na huɗu na tarihin adabin Larabci. 'Ya'yansa Emil da Shukri suka riƙe maɗaba'ar Al-Hilal suka faɗaɗa ta, har gwamnatin Masar ta karɓe ta tare da sauran manyan gidajen jaridu a 1960.

Ga masu nazarin Hausa akwai amfani a ajiye shi kusa da littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, domin matsalar sana'a ɗaya ce: yaya za a sa abin da ya faru cikin abin da aka ƙaga? Abubakar Imam ta wancan gefen ya bi hanyar, ya fara da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, sa'an nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya shigo jarida da kunnen mai tatsuniya. Shi ya sa mutanensa kowa da bakinsa, abin da Zaidan bai samu ba. Bello Kagara a Ganɗoki ya fara da yaƙin da aka yi da Turawa, da sarakuna na gaskiya da garuruwa na gaskiya, sa'an nan ya ɗauke jaruminsa ya kai shi cikin aljannu, inda ba mai karatun da zai ruɗe ya ce tarihi ne. Ɗinkin a waje ya ke, kowa na ganinsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ya fi kusa da ƙirar Zaidan, gama akwai rabuwa, da doguwar tafiya, da saduwa a ƙarshe, kuma ta cikinsu a ke nuna harin bayi, da makircin fada, da ayarin da ke ratsa hamada. Amma waɗanda aka raba uwa ce da ɗanta, dukansu kuwa ƙagaggu ne, ba su tuɓe sarki ba, ba su jawo yaƙi ba. Labarin Rabe ya iso cikin littafin daga nesa, kamar yadda ya kan iso wa matafiyi. Bautar da ta kai uwar Murzuƙ da Ɗarabulus ita ce ta raba su, ita ce kuma abin da littafin ya ke son a sani, sabo da haka abin da ya sa mai karatu hawaye da abin da a ke koya masa ba su rabu biyu ba.